Sarewar Tera a Hanyar Rano

Kaset ɗin fari ne, an rubuta "Zabarma" a jikinsa da jan biro. Babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya zo da shi daga Yamai wajen shekara ta 2000, zamanin da yake fataucin atamfa da takalman roba tsakanin Kano da Nijar. A shagonsa na Rano na fara jin sa, ina ɗan sakandare, an turo ni hutu. Rikodar irin mai cin batir shida ce, kuma Kawu ba ya yarda a mayar da kaset baya da ita. Sai ya zare shi, ya zura biro a rami ɗaya, ya yi ta juyawa yana hira da masu ciniki har zaren ya koma farko. Da ya danna sai ka ji sarewa, siririya, da numfashin mai busa ta a ciki. Kalangu ya biyo ta. Can ƙasa kuma wata jita mai kaurin murya tana tafe tana rausaya, ba ta gaggawa, ba ta kuma barin kowa ya tsaya. Ban taɓa jin kayan kiɗan da na sani tun ina goye sun zauna lafiya da na Turawa kamar haka ba.

Sai bayan shekaru da yawa, da intanet ta shigo waya, na gano masu kiɗan. Sunansu Mamar Kassey, ƙungiyar makaɗa ce ta Yamai, abin da ke cikin farin kaset ɗin nan kuwa faifansu ne na farko, Denké-Denké, na 1999. Na kuma gano ba su tsaya nan ba. A 2013 sun fitar da wani mai suna Taboussizé-Niger, na yi ta sauraron sa har ya zo ya fi na farkon shiga raina. Kawu bai san da shi ba. Saboda haka da mahaifiyata ta ce in je in dubo shi a kakar 2024, ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, sai na sayi mimori na zuba faifan biyu, na jefa a aljihun gaba. Ita ta ba da turare da sabulu da man zafi. Ni tsarabata ke nan.

Ƙanina ya ja motar. Mun bar Unguwa Uku da hantsi, muka kutsa cunkoson Na'ibawa, inda tireloli da 'yan adaidaita ke rabon hanya ba mai raga wa wani, muka miƙe titin Zariya. Hunturu ya fara leƙowa, hazo bai yi kauri ba tukuna. Muka haye gadar Tamburawa, ruwa ya ja baya ya bar yashi fari fat. A Karfi muka tsaya sayen masara, don ba a wuce Karfi hannu rabbana, sannan muka karya hagu muka ɗauki hanyar Bunkure.

Daga nan ƙasa takan sauya fuska. An yanke shinkafa, ana bugun ta a jikin ganga a kan shimfiɗaɗɗen tamfol, ƙaiƙayi na tashi yana bin iska. Wasu har sun fara gyaran fangali don tumatir da albasa da alkama. Ruwan da ke bin magudanan siminti a gefen gonakin nan daga dam ɗin Tiga ya taso, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Wajen shekara hamsin ke nan mutanen yankin suna noma rani da damina da shi. A nan na ciro mimorin na soka a rediyon mota, na zaɓi faifan 2013.

Ba a yi minti biyu ba ƙanina ya rage murya.

"Yaya, wannan waƙar ta wane fim ce?"

Na ce ba ta fim ba ce.

"To wa ya buga musu kiɗan?"

Na gane abin da yake nufi. Shi a saninsa kiɗa aikin mutum ɗaya ne, yana zaune a situdiyo gaban fiyano da kwamfuta, ya haɗa ganga da sarewa da goge duk daga yatsunsa, mawaƙi ya zo ya ɗora murya. Haka ya taso ya tarar, kuma a cikin masu yin hakan akwai gwanaye na gaske. Na ce masa waɗannan mutane ne wajen takwas, kowa da abin kiɗansa a hannu: mai sarewa, mai molo, mai kalangu, mai ƙwarya, mai jita, mai babbar jitar nan da ake kira bes, da masu amshi. Suna kallon juna suke yi. In mai kalangu ya ɗan ja, sauran su ji a jikinsu su bi shi.

Turawan da ke rubutu a kansu sukan rasa rukunin da za su saka su, sai su ce jaz ne ya gauraya da kiɗan zamani da na gargajiya. Ba ƙarya suka yi ba, amma abin yana son bayani. Jaz kiɗa ne da baƙaƙen Amurka suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma ginshiƙinsa shi ne a ba kowane makaɗi fili ya bar turbar waƙa, ya zaga, ya faɗi abin da ke ransa nan take, sannan ya komo ya tarar da 'yan'uwansa inda ya bar su. Fonk kuwa, wanda James Brown ya tsayar da ƙafafunsa a shekarun 1960, shi ne inda ganga da bes suke karɓe ragama, sauran kaya su zama 'yan rakiya. Fela ya ɗebi duka biyun ya gina nasa a Legas. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa bayan makaɗan Shata ya ga yadda kalangu ke barin amshi ya shiga zance da mai rawa, ya kira sunansa, ya zuga shi, sannan ya faɗo daidai kan gaɓa, ya san wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shi ya sa kiɗan Mamar Kassey ba ya yi mini kama da aro. Jitar ce ta zo ta koyi zama da molo.

Ƙanina bai ce komai ba, amma na ga babban yatsansa yana bugun sitiyari har muka wuce Bunkure.

Duwatsu ke fara sanar da kai ka iso Rano. Manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su, garin yana kwance a gindinsu. Duk ɗan firamare ya haddace sunan garin nan a jerin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma masu tarihi sun ce a rabon aikin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Har yau Autan Bawo ake yi wa sarkin garin kirari. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 wata gwamnatin ta rushe dokar, bayan wata biyu aka maido ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku: Rano da Bunkure da Kibiya. Ashe tafiyar tamu, da za ta kai mu har Kibiya, daga bakin masarautar ce zuwa ɗaya bakin. Mutanen birni da yawa ba su san Rano ba sai a darasin tarihi, ko a allon gidan mai, ko a jikin jirgin sama. Garin kuwa yana nan da ransa, da masu shayi da 'yan acaɓa da shagunan cajin waya, da buhunan dawa jingine a ƙofar gidaje.

Mun tarar da Kawu a zaure, ƙafa ɗaya miƙe a kan tabarma, rediyonsa a gefe. Ya rame, gemun ya yi fari tas, amma muryar tana nan.

"Lale, lale, mutanen birni. Ɗan nan, sai yau?"

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi mahaifiyarmu, ya tambayi iyali, ya tambayi unguwa gida-gida. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, bayan azahar aka kawo tuwon dawa sabuwa da miyar kuka da man shanu. Sai da muka yi la'asar, rana ta yi sanyi, aka fitar masa da tabarma ƙofar gida, sannan na ce, "Kawu, na zo maka da wani abu." Rediyon nasa irin na yanzu ne mai ramin mimori. Na soka, na fara da tsohon.

Sarewar na fitowa ya ɗago kai. Bai yi magana ba sai da waƙar ta yi nisa.

"Ikon Allah. Zabarma! Ina ka samo ta? Ai kaset ɗin nan rikoda ta cinye shi tun kafin a aurar da ƙanwarku."

Daga nan hira ta ɓalle. Ya shiga jero mini hanya kamar jiya ya biyo ta: Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, ƙura har cikin kunne. Ya ce ya fara zuwa tun kafin a karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, abin da ya sa kayan Nijeriya suka yi wa masu saye tsada dare ɗaya, 'yan kasuwa da yawa suka kwanta. Ya ce rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 2023, da a zamaninsa ne da bashi ya kai shi ƙasa. A kasuwar Katako, in ji shi, ya ji kiɗan yana tashi daga teburin wani mai sayar da kaset, ya tsaya da kaya a kai, ya ce a kwafa masa. Bai tambayi suna ba. Zabarmancin da ya iya na ciniki ne, nawa ne, rage mini, Allah ya ba da sa'a. Shekara ashirin da huɗu yana son mutanen da bai san sunansu ba.

Na faɗa masa. Jagoransu Yacouba Moumouni ne, wanda ake yi wa laƙabi da Denké-Denké, shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai sarewar. An haife shi a 1966 a ƙasar Tera, can yammacin Nijar kusa da iyakar Burkina Faso. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, ya taho Yamai, ya sha wuya kafin ya samu masu riƙe shi su koya masa busa. A 1995 suka kafa ƙungiyar shi da abokinsa mai jita, Alhassane. Yawancin waƙoƙinsu da Fulatanci ne da Zabarmanci. Faifansu na biyu Alatoumi suka sa masa, wato maraya.

"Allah sarki," in ji Kawu. "Ai ana ji a busar."

Sunan ƙungiyar ne ya fi ɗaukar hankalin wani maƙwabcinsa, tsohon malamin makaranta da ya zo gaisuwa ya zauna. Mamar Kassey shi ne sunan da marokan Songhai ke kiran Askiya Muhammadu da shi, wato Mamar ɗan Kassey, suna jingina shi ga mahaifiyarsa. Shi ne ya karɓi mulkin Songhai a 1493, ya yi hajjin da har yau ake labarinsa, kabarinsa yana Gao. Malam ya tuna mana cewa Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, shi ne dai ya wuce Gao ya amsa wa Askiya tambayoyinsa. Ya ce hanyar da Kawu ya bi da takalman roba, malamai da fatake sun riga shi bin irinta da shekara ɗari biyar, don haka ba abin mamaki ba ne kiɗan bakin Kwara ya sauka a Rano ya ga wurin zama.

Da tsohon faifan ya ƙare na ce, "Kawu, akwai wani. Sun sake yi bayan shekara goma sha huɗu."

Ya gyara zama. Ya rufe ido, hannu ɗaya a kan gwiwar da ke ciwo. Ni kuwa shi nake kallo. Yara sun taru a bakin ƙofa, wata akuya tana jan ɓawon gyaɗa a gefen tabarma, ladan bai kira magariba ba tukuna. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku ya buɗe ido.

"Muryar ta girma," ya ce. Ya ɗan yi shiru. "Sarewar ita ce. Amma ɗan nan, ba su ba ne."

Na ce su ne, Kawu.

"Na ji su ne. Amma ba su ba ne. Na da, kamar a dandali aka yi shi, kana jin ƙura, kana jin gumi. Yaran nan a lokacin bugawa suke kamar ba za a sake ba su dama ba. Wannan an share shi da yawa. An yi masa wanka."

Maganar ta zauna mini, don akwai gaskiya a cikinta. Faifan farko na kowace ƙungiya yakan zo da yunwa. Waƙoƙin da aka yi shekaru ana bugawa a gidajen biki da ƙananan wurare, su ake kwashewa a zuba gaba ɗaya, kowa yana so a ji shi. Wannan zafin ba ya dawowa, kuma wanda ya ce yana kewarsa bai yi laifi ba. Sai dai na lura da wani abu. Ko da na sa masa tsohon ɗazu, sai da ya ce kamar akwai abin da ya ragu a ciki. Abin da ya ragu shi ne shuuu ɗin kaset, kwafin kwafi da aka yi a teburin kasuwa, da jan muryar da batir ke sawa in ya yi sanyi. Rabin ƙurar da Kawu ke nema ba a Yamai aka yi ta ba, a shagonsa aka yi ta, lokacin gwiwarsa tana kai shi Doso ta dawo da shi. Ban faɗa masa haka ba. Ba maganar da ɗa zai yi wa kawunsa ba ce a gaban mutane.

Abin da na faɗa shi ne dalilin da ya sa ni na fi son na bayan. Yacouba yana da shekara 33 ya yi na farko, yana da 47 ya yi wannan. A kunnena, mutumin da ke busa a Taboussizé-Niger ya daina neman a yaba masa. Yakan bar wuri. Sai ya yi jimla ɗaya da sarewa ya tsaya, ya bar molo ya amsa, ya bar ƙwarya ta ƙirga, ka ji shirun da ke tsakani shi ma yana aiki. Bes ɗin ba ya tsere da kalangu, sun san juna kamar shanun huɗa da suka daɗe a karkiya ɗaya. Muryar da Kawu ya ce ta girma, ni girman nake so. Ta yi ƙasa kaɗan, ta yi kauri, in ta ja baiti sai ka ji mutum ne da ya binne wasu nasa, ya yi yawon duniya da sarewa a jaka, ya dawo gida ya tarar da abin da ya bari. Na ce, "Kawu, ai da tsohuwar zuma ake magani."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Magani fa ka ce. To ni ba magani na zo sha ba, daɗi nake nema."

Malam ya raba mu da cewa a bari sai an sake ji. Aka kira salla.

Da daddare, bayan isha, Malam ya dawo da zancen ta wata hanya. Ya ce mu da muke ta yabon na Yamai, mun manta Arewa ma ta taɓa yin irin wannan. Ya tuna da Bala Miller, mutumin Zariya, da ƙungiyarsa Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da ke tuna wa Bakano dalar gyaɗa. Mutane ne jingim a kan dandamali, da ƙahonni da jita da ganguna, suna waƙa da Hausa, ana nuna su a talabijin. Ya ce waƙarsu "Ikon Allah" babu gidan da ba a san ta ba a lokacin. Bala Miller ya rasu a 2003. Ya tuna da Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kasusuwansa suka cika Kano, shi ma ya rasu a 2008. Tambayar da ya yi, wadda babu wanda ya amsa a cikinmu, ita ce: yau in kana son ka ji mutum takwas suna kiɗa tare da jita da kalangu a Kano, ina za ka? Riƙe ƙungiya tsada gare shi. A ciyar da mutum takwas, a sayi kaya, a yi ta gwaji ba a biya, alhali mai biki zai iya ɗauko DJ ɗaya da sifika biyu. Wannan ya ƙara mini ganin girman mutanen da suka riƙe tasu daga 1995 har suka kai ga faifan 2013, a ƙasar da kasuwar kiɗanta ba ta kai ta Nijeriya ba.

Washegari Kawu ya ce sai an tafi da shi Kibiya. Yayarsu, wadda muke kira Inna, tana aure a wani ƙauye gaba da garin, kuma rabonsa da ita tun ƙaramar salla. Muka tallafa masa ya shiga gaba, muka tura kujerar baya don ƙafar ta miƙe. Hanyar duk kaka ce. An yanke dawa an ɗaure dami-dami, kara a tsaye an jingina shi tsibi-tsibi, amalanken shanu na tafe da kaya har sun fi ƙarfin idon mai kora. Tsamiya da ɗorawa da kuka sun rarrabu a gonaki. Muka ratsa Kibiya, muka sauka daga kwalta, muka bi burtali. Inna ta yi kuka da ta ga ƙaninta, ta yi masa faɗan rashin zuwa asibiti, ta cika mana but da gyaɗa da wake da kabewa biyu.

A hanyar dawowa muka tsaya gindin wata tsamiya don Kawu ya miƙe ƙafa. Ƙofofin mota a buɗe, faifan bayan yana ci, don ƙanina ne ya mayar da shi da kansa. Can gefe shanu suna kiwo a gonar da aka girbe, suna karya kara. Mai kiwon saurayi ne, bai fi shekara ashirin ba, da malfa da sanda a kafaɗa da 'yar ƙaramar waya rataye a wuya. Ya matso a hankali, ya gaishe da Kawu.

"Baba, sannunku da hutawa."

Ya tsaya. Ya jingina haɓa a kan sanda, ya karkata kai wajen motar. Na ga leɓensa yana motsi. Sai da waƙar ta kai ƙarshe ya ce, "Wannan na ina ne?"

Na ce Nijar, can wajen Tera.

"Fulatancin nasu ya sha bamban da namu. Ina tsintar wasu kalmomin, wasu su wuce ni." Ya sake saurarawa, sarewa ta shigo. "Amma wannan busar ta mutumin da ya san daji ce."

Ya roƙa a tura masa. Ƙanina ya kwafo daga wayata ya tura ta Bluetooth, waƙa bayan waƙa, muna tsaye, wata saniya ta zo tana shinshina tayar baya. Na tambaye shi ko in haɗa masa da na farkon, wanda ya fi suna. Ya ce wayar ba wuri, wannan ɗin dai da ya ji shi yake so. Ya koma wajen shanunsa, sarewar Tera tana fita daga ƙirjinsa, ƙarama, tana raguwa har muka daina ji.

Kawu ya bi shi da kallo. "To," ya ce, "shi kuma nasa kaset ɗin ke nan."

Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Yaron nan bai san akwai na 1999 ba, bai da shago a Rano, bai taɓa tsayawa a Katako da kaya a kai ba. Abin da ya ji ya ishe shi ya tsaya ya bar shanu. In Allah ya ja kwanansa, wata rana wani zai kawo masa wani sabon faifai, shi ma ya ce ba su ba ne.

Wani abu dai ya tsaya mini a wuya tun daga gindin tsamiyar har Rano. Kaset ɗin Kawu kwafi ne. Abin da muka tura wa makiyayin nan kwafi ne. Shekara ashirin da huɗu gidanmu yana jin daɗin mutanen nan, ko sisi bai taɓa fita daga hannunmu ya isa gare su ba. A gargajiyarmu ba haka ake yi ba. Makaɗi in ya faranta maka, kakan tashi ka yi masa kari a gaban jama'a, riga ko kuɗi ko abin hawa, gwargwadon ƙarfinka. Kaset da mimori sun kawo mana kiɗan nesa har ɗaka, sun kuma ɗauke mana wannan tashin. Kamfanonin Faransa ne suka fitar da faya-fayan Mamar Kassey, Daqui na farko, Innacor na 2013, kuma a can Turai aka fi gayyatar su wasa, alhali mu ne maƙwabta, mu ne muka san kalangu da molo tun a zanin goyo. Ƙasar Tera da ta haifi wannan sarewa tana cikin yankin da rashin tsaro ya ɗaiɗaita a 'yan shekarun nan. Wanda ke ɗauke da kiɗan wurin a ƙirjinsa ya cancanci fiye da a tura shi ta Bluetooth a gindin bishiya.

Da za mu tafi da safe na miƙa hannu zan zare mimorin, don in kwafa masa a wani. Kawu ya dafe rediyon.

"Bar shi nan. Duka biyun."

Na ce to ya sauya ra'ayi ke nan?

"Ban sauya ba. Na farko ya fi. Amma ai ba a yi wa baƙo hukunci ran da ya sauka."

Ya sa mana albarka, ya ba da saƙon gaisuwa ga mahaifiyarmu, ya ce a gaya mata man zafin yana aiki. Har muka karya kwana ina hango shi ta madubi a ƙofar gida, rediyo a cinya.

Ni dai ra'ayina yana nan: Taboussizé-Niger ya fi Denké-Denké nutsuwa da zurfi, kuma shi zan fara miƙa wa duk wanda bai taɓa jin Mamar Kassey ba. Roƙona ga masu shirye-shiryen kiɗa a gidajen rediyon Kano, waɗanda ake kamawa har Rano da Kibiya, su ba irin wannan kiɗa ko rabin sa'a ne a mako, su kuma faɗi sunan masu shi. Kai kuma mai karatu, in kana da mawaƙin da ka so a ƙuruciya ka rabu da shi a faifansa na farko, ka nemi abin da ya yi daga baya, ka saya da kuɗinka in da hali, ka ji shi sau uku kafin ka ce ba shi ba ne.